Allurar Shinuwa da ciwon kwankwasona: hanyar da na bi a Maraɗi da abin da ta ci mini

Tun da labari ya bazu a makarantarmu cewa ana soka mini allurai a baya, irin na likitancin ƙasar Sin da muke kira allurar Shinuwa, ba a yin sati wani bai tare ni da tambaya ba. Wani ya ɗauka ruwan magani ake ɗura mini, wani ya ce ai sakiya ce ta zamani. Wata malama kuma cewa ta yi in nuna mata wurin ta kai mahaifiyarta mai ciwon sukari, ko tsohuwa ta huta da haɗiyar ƙwaya. Maganar malamar nan ce ta tsorata ni, ita ce kuma ta zaunar da ni rubuta abin da ya faru daki-daki, don ni ma sai da na yi wajen wata 8 ina faɗi-tashi kafin in iso wurin allurar.

Ni malamin koleji ne, shekarata 46. Gidana yana unguwar Zariya cikin Maraɗi, makarantar kuwa tana wani gari ta wajen Madarunfa, kullum bisa moto nake zuwa in dawo. Ciwon ya samo asali ne daren ambaliyar ƙarshen Agustan 2024, da muka kwana muna jidar buhunan ƙasa muna tare ƙofar gida. Na sunkuya zan ɗauki wani buhu sai na ji ƙas a kwankwaso, kamar an karya kara. Na ce gajiya ce. Da yake an ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ruwan, na samu kwanciya, abin ya lafa. Ana komawa na hau moto bisa hanyar da ruwa ya zaizaye, kafin sati 3 ciwon ya gangaro ta ɗuwawu, ya bi bayan cinyar dama har agara. In na yi atishawa sai na dafa bango.

Abin da kowa ke yi shi na fara yi. Na tsai da yaron nan mai yawo da magani a faranti, ya haɗa mini ja da fari da ruwan ɗorawa, na dala 40. Daga baya na gane diklofenak ne da ibuprofen, da wani da har yau ban san sunansa ba. Wata 2 ina sha safe da dare, har cikina ya soma zafi kamar na haɗiyi garwashi. Wani ɗan kabu-kabu da na yi wa kuka ya ce, «Mushe, tramol ɗaya kawai, ka manta kana da baya.» Wannan kam na ƙi, don na ga yadda ta mai da wasu tsofaffin ɗalibaina. Sai maiɗakina ta ce a kira wanzami. Ya zo da hantsi ya kafa mini ƙaho 6, da sabuwar rezar da na saya da kaina, ya nuna mini baƙin jini ya ce ga ciwon nan ya fita. Na ba shi jaka 2. Ba zan ci amanarsa ba, na ji sakayau kwana 3. Ran na huɗu ko takalmi ban iya sunkuyawa in ɗaura ba.

Cikin Disamba na je CSI, ƙaramin gidan likita na unguwa. Na yanki tike, na sayi karne, na zauna cikin mata masu goyo har wajen ƙarfe 11. Majo, shugaban ma'aikatan wurin, ya auna tansiyo, ya tambayi abin da nake sha, na zazzage masa ƙwayoyin bisa tebur. Ya dube su ya dube ni, ya ce, «Malam, kai da ke koya wa yara ilimi? Waɗannan biyun aikinsu ɗaya, haɗa su kamar zuba wa ciki kanwa ne da barkono.» Ya hana ni su, ya rubuta farasitamol da maganin gyambon ciki, sa'an nan ya ba ni takardar turawa babban asibiti, ya ce ciwon da ya sauka ƙafa ya wuce teburinsa. Duka da magani jaka 4. Takardar nan ta turawa ku riƙe ta da kyau, ita aka fara tambayata a gaba.

Sai cikin Janairu na samu izinin kwana 3 daga darakta. Ranar farko rashin sani ya ci ni. Na isa ƙarfe 6 da rabi, na wuce kai tsaye ƙofar likita, na ajiye karnena cikin layin karnoni bisa benci ina jin ni ne na 4. Da aka buɗe sai aka ce ina rasit? Ashe sai an fara biya a wurin karɓar kuɗi, a buga hatimi, sa'an nan a zo layi. Kafin in je in dawo na koma na 20 da wani abu. Kuɗin dai da sauƙi, tunda gwamnati ta rage rabin kuɗin gidajen likitanta tun watan Satumba na 2024. Ban shiga ba sai bayan azahar. Likitan bai yi gaggawar rubutu ba, tambayoyi ya jero waɗanda a lokacin na ga ba su da haɗi da baya. Kana zazzaɓi da dare? Kana zufa har riga ta jiƙe? Ka rame? Akwai mai tari a gida? Fitsari da bayan gida suna kufce maka, ko suna ƙin fita? Tsakanin cinyoyinka ya taɓa sagewa? Ya kwantar da ni rigingine, ya ɗaga ƙafar dama a miƙe, ba ta kai rabi ba na yi salati. Ya buga gwiwa da ƴar guduma, ya sa na yi tafiya bisa dunduniya, na sake yi bisa yatsu. Da na tambayi dalilin maganar tari, ya ce ƙwayar tarin fuka takan sauka ƙashin baya ta cinye shi a hankali, kuma a ƙasarmu ba baƙon abu ba ne. Mai irin wannan in ya tsaya ƙaho da tausa, wata rana sai ya wayi gari da ƙusumbi ko ƙafafu sun mutu, alhali maganinta yana nan. Maganar nan ta zauna mini, kuma ita ce dalilin da ya sa ba na nuna wa kowa wurin allura sai na tambaye shi ko likita ya duba shi.

Kashegari aka yi hoton ƙashi, wanda muke kira radiyo. Shi ma sai ka koma ka biya, ka kawo rasit, ka jira. Rana ta uku na zo ban karya ba aka ɗebi jini. Tike da radiyo da awon jini sun tashi jaka 13. Sati na zagayowa na koma da babban ambulan ɗina a hammata. Likita ya ɗaga hoton wajen haske ya nuna mini tsakanin ƙashi na 4 da na 5 na kwankwaso, L4 da L5 a bakinsu, inda tazarar ta ɗan matse. Ya ce tsakanin kowane ƙashi biyu akwai wani faifai mai taushi kamar matashi, ga alama nawa ya ɗan bullo yana taɓa jijiyar da ke sauka ƙafa. Radiyo ba ta nuna faifan kansa, sai manyan na'urorin hoto, sikana ko IRM, amma tunda ƙafar ba ta rasa ƙarfi ba bai ga dalilin kashe wannan kuɗin ba. Ba tarin fuka, ba karaya. Yawancin masu irin wannan, in ji shi, suna samun sauƙi ba tare da an yi musu aiki ba, kuma yawan kwanciya ƙara shi yake. Ya rubuta magani na jaka 7, ya tura ni wurin kine, masu gasa jiki da motsa gaɓoɓi.

Zama 10 na yi wurin kine, jaka 2 kowane zama. Fitila mai zafi, tausa, sa'an nan motsin da zan riƙa yi a gida bisa tabarma: in kwanta in jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, in ɗaga ƙugu sama in riƙe, in durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi in lanƙwasa baya kamar mage. Yarana sun sha dariya. Kafin ƙarshen Fabrairu ciwon ƙafa ya janye, saura ɗan tsami a cinya. Amma kwankwason ya ƙi saki. Ya daskare kamar an ɗaura mini faskare, ruku'u ya gagara, sujada kuwa in na sauka sai an kama ni. Haka na shiga azumi ina salla bisa kujerar roba a ƙarshen sahu, tsakanin tsofaffi biyu da suka girmi mahaifina. Duk cikin ciwon nan ba abin da ya taɓa mini zuciya kamar wannan kujerar.

Cikin azumin na je gai da kawuna a unguwar Bagalam, ya ga yadda nake zama a karkace. Ya ce, «Kai yaro, da zamanin Kunce ne da tuni Shinuwa sun warware ka.» Ya ba ni labarin likitocin Sin da ya tarar a babban asibitin garin nan, da yadda suka jera masa siraran allurai a kafaɗar da ɗaukar buhun gyaɗa ta kashe, har ya koma ɗaga hannu. Na ɗauka zancen tsofaffi ne, sai da na bincika na ga tun 1976 ƙasar Sin ke aiko ayarin likitoci Nijar, daga lardin Guwangshi, ana musanya su ayari bayan ayari. Sunan abin a takardun faransanci akuponktir. Mu dai allurar Shinuwa muka sani.

Nemanta ya fi komai ruɗa ni. Duk wanda na tambaya a gidan likita sai ya nuna mini Yamai. Na zauna na yi lissafi: tafiyar kilomita sama da 600, kuma ba zuwa ɗaya ake yi a gama ba, zama ne wajen 10 a cikin sati 4 ko 5. Kuɗin mota, masauki, abinci, ga aji 4 da zan bari ana shirin jarrabawa. Na ajiye wannan. Sai wani abokin aiki ya ce ai akwai masu maganin Sin a cikin gari, ya kai ni wani shago mai labule da hotunan gaɓoɓin mutum a bango. Aka karɓi jaka 3, aka ba ni wani ƙarfe na riƙe a tafin hannu, igiyarsa na haɗe da kwamfuta. Minti 2 ba a yi ba saurayin ya juyo ya ce ƙodata ta gaji, hantata ta yi kitse, jinina ya yi kauri, ga kuma sanyi ya kama mini mara. Ni da na fito daga awon jini da ya nuna komai lafiya! Maganin, kwalaben ƙwayoyi na jaka 45, kuma in na kawo mutum 3 za a rage mini. Na ce ina allurar? Ya ce ai injin ya fi allura. Na ɗauki hulata. Jama'a, wannan ba shi ne akuponktir ba, ko kusa. Kasuwa ce aka lulluɓe da sunan Sin.

A ƙarshe kine ɗin da ya gasa ni shi ya warware mini. Na koma gaishe shi bayan salla, na ba shi labarin shagon, ya yi dariya har da tafawa. Ya ce akwai wani likita ɗan ƙasa da ya yi karatu a Sin, yana zama wani asibitin kuɗi da marece ran Talata da Juma'a, yana yin allurar. Ya rubuta mini ƴar takarda in kai masa, ya ce kada in manta da ambulan ɗin radiyo.

Ganin farko jaka 5, kuma ranar ko allura ɗaya bai taɓa ni da ita ba. Ya karanta karnena tun daga shafin majo, ya duba hoton da sakamakon jini, ya sake ɗaga ƙafar nan. Ya tambaya ko ina shan maganin tsinka jini, ko jinina na wuyar tsayawa in na yanke, ko an taɓa sa mini na'urar bugun zuciya a ƙirji, ko ina da sukari ko farfaɗiya. Ya ce mace kuma sai an tambaye ta ko tana da ciki, don akwai wuraren da ba a soka wa mai juna biyu. Ya sa na fiddo harshe ya duba, ya riƙe wuyan hannuna biyu yana sauraren jijiya da yatsu 3. Sa'an nan ya buɗe kwali ya nuna mini allurar. Siririya ce ƙwarai, kaurinta bai wuce rubu'in milimita ba, ba ta da rami a ciki, ba ruwan komai a jikinta, kowace a rufe cikin ledarta. Na ce, «To Dokta, in ba magani a ciki, me ke warkarwar?» Ya ce amsa biyu ce. Tsofaffin likitocin Sin, tun sama da shekara 2,000, sun ce akwai wani ƙarfi da ke zagaya jiki ta wasu hanyoyi, in ya toshe sai ciwo, allura ce ke buɗe shi. Sunan ƙarfin a bakinsu «ci». Na ce ai mu ma nan da ci muke rayuwa, in ya toshe kuwa gida ba lafiya. Ya yi dariya ya ce amsa ta biyu ita ce ta likitancin zamani: ba a taɓa ganin hanyoyin nan a jiki ba, abin da aka gani shi ne sukar tana taɓa ƙananan jijiyoyi da tsoka, jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi, tsokar da ta ɗaure ta saki. Wuraren sukar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayensu 361 ne, amma shi a bayana bai wuce 10 zuwa 14 zai yi amfani da su ba.

Abin da ya sa na amince da shi, bai yi mini alkawari ba. Ya ce, «Malam, faifanka ba zan mai da shi wurinsa da allura ba. Zafi da ɗaurewa nake nema in rage, don ka iya motsin da kine ya koya maka. In mun yi zama 5 ba ka ji komai ba, mu tsaya, kada ka zuba kuɗinka a rijiya.» Kowane zama jaka 4, har da kuɗin allurai. Ya gargaɗe ni in ci wani abu kafin in zo, in sa tufafi masu sakewa.

Ran Juma'a ƙarfe 5 na kwanta rub da ciki, fuskata cikin ramin gadon, gabana na faɗuwa. Ni da ko allurar rigakafi sai na kau da kai. Ya wanke hannu, ya goge fata da alkol, ya ɓare ledar a inda nake jin ƙararta. Ta farko na ji kamar cizon sauro, shi ke nan. Sai da ya ɗan murza ta na ji wani abu dabam, nauyi da tsami suna bazuwa cikin tsoka kamar an danna da babban yatsa daga ciki. Na ce wash. Ya ce yauwa, shi ake nema, sunansa «da ci». Ni kuwa ɗaci na ji ya ce, na ce lalle akwai ɗaci. Ya jera su gefe da gefen ƙashin baya, biyu dogaye a ɗuwawun dama, sai kuma ya koma bayan gwiwa, daidai lanƙwasar. Na ce Dokta ba nan ke ciwo ba. Ya ce tsofaffinsu na da karin magana cewa mai ciwon baya a neme shi a bayan gwiwa. Ya maƙala wa huɗu daga ciki wasu ƴan wayoyi da ke haɗe da akwatin batir, ya murɗa a hankali har na ji tsokar na harbawa ɗif-ɗif kamar zuciya ta koma kwankwaso. Ya ce in ya zama zafi in yi magana. Minti 25 aka bar ni. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, zufa na ɗiga ta ramin gadon, amma duk da haka barci ya ɗauke ni. Da ya dawo ya zare su yana ƙirgawa da ƙarfi, 12 ya sa 12 ya cire, ya zuba cikin kwalin nan ruwan ɗorawa irin na masu rigakafi. Wuri ɗaya ya ɗan yi ɗigon jini, kashegari ya yi shuɗi kamar girman dala 5.

Daren nan jikina ya yi lis kamar na yi noma, da safe kuma bayan ya fi jiya ciwo. Na kira shi a tsorace, ya ce yakan faru, in ba shi kwana 2. Zama na 2 ban ga wani canji ba. A na 3 ne na yi wautar da nake so kowa ya guje wa. Ina cikin sittu shawwal, ga zafin Afrilu, na taso daga makaranta bisa moto na zo kai tsaye, ban gaya masa ina azumi ba. Allura ta 5 na shiga na ji ɗakin na juyawa, zufa mai sanyi ta karyo, kunnuwana suka toshe. Nan take ya zare su duka, ya juyar da ni rigingine, ya ɗaga ƙafafuna bisa matashi. Da na dawo hayyacina ya ce, «Haba Malam, ban ce ka ci abinci ba?» Na ce azumi. Ya ce to ai sai ka faɗa, mu ɗaga zuwa bayan magariba. Ranar aka fasa, kuma bai karɓi kuɗi ba.

Daga zama na 4 abin ya soma nunawa. Na lura da safe ina saukowa daga gado ba tare da na mirgina gefe na dafa ƙasa ba. A na 6 ya ƙara wani abu, wani naɗin ganye kamar taba sigari mai kauri, ya kunna ya riƙa kusanto da shi wurin alluran ba tare da ya taɓa fata ba, ɗumi na ratsawa. Warin ya yi mini kama da tazargade, ya ce ai danginta ne. Da na koma gida maiɗakina ta shinshina rigata ta ce, «Malam, wurin likita ka je ko wurin ƴan bori?» Bayan zama na 7, wata asuba ni kaɗai a ɗaki na gwada ruku'u, hannuwana suka kai gwiwa. Ban gaya wa kowa ba sai da na maimaita kwana 3. Na gama zama 10 tsakiyar Mayu, na ƙara 2 wata-wata.

Da yake malami ba ya rabuwa da bin diddigi, na karanta abin da masu bincike suka samu, kuma gaskiya ba duka ya yi mini daɗi ba. A Jamus an yi wani babban gwaji da aka buga a 2007, da mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Aka raba su uku: wasu aka yi musu allurar bisa ƙa'ida, wasu aka soka musu sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, wasu aka bar su da magani da motsa jiki irin na kullum. Bayan wata 6, cikin 100 kusan 48 na rukunin farko sun samu sauƙi, na biyu 44, na uku 27. Ka ga ke nan allura ta fi rashinta, amma ta gaskiya da ta sama-sama tazararsu kaɗan ce. Shi ya sa ƙasashe suka rabu. Jamus ta sa inshorar lafiya na biyan ta don ciwon baya da na gwiwa. Ingila a 2016 ta ce kada a riƙa ba da ita don ciwon kwankwaso. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙarshen 2023 ta sa ta cikin abubuwan da za a iya gwadawa ga daɗaɗɗen ciwon baya, haɗe da motsa jiki. Da na kai wa likitan wannan bai musa ba, ya ce inda aka fi samun shaida shi ne ciwon baya, gwiwa, wuya, ciwon kai mai dawowa, da tashin zuciya bayan aikin tiyata ko maganin ciwon daji. Na ce sukari fa, da hawan jini? Ya ce duk wanda ya ce ka ajiye ƙwayarka saboda allura, tashi ka bar masa ɗakin.

Ni kaina in aka ce in rantse allurar ce kaɗai ta tashe ni, ba zan rantse ba. Lokaci ya yi aikinsa, motsin tabarma ban fasa ba ko kwana ɗaya, na ɗaure matashi bisa sirdin moto, na daina bin gajeriyar hanya mai ramuka. Abin da zan iya cewa, wata 2 na yi ina motsin nan kwankwaso na daskare, sai da aka haɗa da allura ya saki. In na tara tun daga CSI har zama na 12, har da jaka 3 da shagon kwamfuta ya cinye, kuɗin ya kai jaka 100, allurar kaɗai 53. Ga malamin firamare ɗan kwantaragi jaka 100 ɗin nan ta haura albashin wata, don haka ba abin da za a shiga da ka ba ne. Farashin nan kuwa nawa ne na lokacin, kowa ya tambayi nasa kafin ya kwanta.

Da zan sake bin hanyar, ranar da ciwo ya sauka ƙafa zan tafi CSI, in tsallake faranti da ƙaho, in tsira da cikina da wata 2. Zan ajiye karne da rasit da radiyo cikin leda ɗaya, don kowane tebur sai an tambayi na baya. Wurin mai allura kuma abu uku ba na sassautawa. Ya zama ma'aikacin lafiya ne da ya san jiki, don allurar da aka zurfafa a ƙirji ko saman baya tana iya huda huhu. A ɓare allura sabuwa a gabanka, a jefar a gabanka, don ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikinmu kuma ta irin wannan hanyar yake bi, wankin alkol ba ya isa. Sa'an nan ya faɗa maka tun farko zama nawa za a gwada kafin a ce ta karɓa ko ba ta karɓa ba. Wanda kuma fitsari ya soma kufce masa, ko ƙafa ta soma jan ƙasa, ko yana zazzaɓi da rama, wannan ba layin allura zai bi ba, asibiti zai nufa a ranar.

Malamar nan na je har gidansu na gai da tsohuwa. Ashe ban da sukarin, gwiwoyi ne ke hana ta barci. Na ce, «Inna, ƙwayar sukari kam ba rabuwa, gwiwar ce za a kai wa likita ya gani, in ya yarda a gwada.» Ta ce ita fa tsoron allura take. Na ɗaga riga na nuna mata bayana, ta dudduba ba ta ga tabo ko ɗaya ba sai na ƙahon wanzami guda 6. Kujerar roba kuwa na mai da ta masallaci tun kafin babbar salla, wani tsoho ya gaje ta. Ran da na yi doguwar tafiya bisa moto kwankwason yakan yi mini magana da dare, sai in shimfiɗa tabarma in yi lanƙwasar mage, ƙaramar ɗiyata na bisa gadon bayana tana cewa in yi kuka irin nata.